Babi na Shida: Ɗakin Ƙasa Ranar da Teku Ya Tashi

A babin da ya gabata mun bar matafiyinmu a tashar mota ta Lome. Daga Tandjouaré ya yi tafiyar kusan kilomita 600 a kan titi ɗaya tilo, wanda ya taso daga Cinkassé, ya ratsa Dapaong, Mango, Kara, Sokode da Atakpame kafin ya tuƙe a bakin ruwa. Dare da rana tireloli na bin wannan titi ɗauke da kwantenonin da aka sauke a tashar jiragen ruwa, wasu Wagadugu za su, wasu Yamai. Saboda haka mutumin Tandjouaré ya san kayan teku sarai, amma tekun kansa sai dai labari. Babban ruwan da ya sani shi ne kogin Oti idan ya cika ya tumbatsa a ƙarshen damina. Ƙasarsa ma ta koya masa cewa tsira a sama take, domin har yau ana ganin rumbunan da kakannin Moba suka gina cikin kogwannin dutsen Nok, can sama inda suke ɓuya lokacin hare-hare. A cikin jirgin ruwa kuwa lissafin juyawa yake. Na sama shi ya fi shan jijjiga, na ƙasa shi ya fi samun natsuwa, sai dai kuma shi ne maƙwabcin igiyar ruwa. Abin da za mu duba ke nan: me mutum ya samu, me kuma ya rasa, in ya kama ɗaki mai baranda a benen ƙasa na jirgin yawon shaƙatawa, teku kuma ya tashi.

Daga ayari zuwa jirgin ruwa

Ba yau Bahaushe ya fara hawa teku ba. Shekaru aru-aru ayarin goro na tasowa daga Kano da Katsina da Sakkwato, ya ƙetare Kwara, ya yada zango a Mango ko a Sokode, ya isa Salaga ta ƙasar Gwanja. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa kasuwar, Turawa kuma suka yanka iyakoki a kan tsohuwar hanya. A daidai wannan lokaci jirage masu hayaƙi na ta zirga-zirga tsakanin Akra, Lome, Kwatano da Ikko. Fatake suka buga lissafi: tafiyar da jaki ke cinye watanni yana yi, jirgi na kai huhun goro Ikko cikin 'yan kwanaki, daga 1912 kuma jirgin ƙasa ya ƙarasa da shi Kano. Alhassan Ɗantata na cikin waɗanda suka gane haka da wuri, ya riƙa sauko da goro daga Kumasi zuwa gaɓa yana loda shi a jirgi.

Waɗannan fatake ba ɗaki suke kamawa ba. Tikitinsu na zama a saman jirgi ne, a sarari ƙarƙashin tamfol, kowa da tabarmarsa da butarsa da guzurinsa, jingine da kayansa. In teku ya tashi, a jikinsu yake sauka. Shiga jirgin ma kansa wani yaƙi ne, musamman a Lome. Gaɓar Togo ba ta kai kilomita 60 ba, kuma babu lungu ko ɗaya da jirgi zai fake a cikinta, raƙuman ruwa daga kudancin Atlantika kai tsaye suke fashewa a kan yashi. Jamusawa sun gina gadar ƙarfe mai shiga cikin teku a 1904, teku ya karya ta a 1911. Faransawa suka gina wata a 1928. Jirgi kan tsaya can nesa, a zuba fasinjoji cikin wani kwando, ƙugiya ta sauke su cikin kwalekwale, a kai su gindin jirgi, wata ƙugiyar ta ɗaga su sama. Haka aka yi ta fama har aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Lome a 1968.

Masu hali da masu sarauta su ne suka fara sanin ɗakin jirgi. A 1921 Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya tafi aikin hajji ta teku, daga Ikko ya bi ta Ingila kafin ya isa Jidda. Daga 1951 zuwa 1974 jirgin Aureol na kamfanin Elder Dempster ya yi ta jigilar ɗalibai da ma'aikata tsakanin Ikko da Ingila, tafiyar kusan mako biyu, kuma dole a ratsa mashigin Biskay da ya yi ƙaurin suna wajen hadari. A ɓangaren Faransa akwai Jean Mermoz, wanda ya fara aiki a 1957 tsakanin Marsai da tashoshin Afirka ta Yamma. Da jirgin sama ya ƙwace fasinja, sai aka gyara shi a 1970 ya koma jirgin yawon shaƙatawa da sunan Mermoz. Tarihin wannan sana'a ke nan a taƙaice: jirgin da a da ake shiga don a isa wani wuri, ya koma wurin da ake shiga don shi kansa. Irin waɗannan jirage yanzu suna yada zango a Lome na yini guda, kuma 'ya'yanmu da ke Turai da Amurka sun fara shigarsu, wasu ma'aikata, wasu fasinjoji, wasu har da iyayensu.

Inda jirgi ya fi motsi

Motsi iri uku jiki ke ji a cikin jirgi. Akwai tangaɗi, wato kwanciya dama da hagu. Akwai sunkuyo da ɗagowa, goshi ya nutsa wutsiya ta ɗaga, sannan su yi musaya. Akwai kuma tashin jirgin ɗungurungum sama da ƙasa. Na ukun kowa ke sha daidai wa daida. Na farko da na biyu kuwa sun danganta da inda ka kwanta.

Duk wanda ya taɓa shiga bas ɗin dare daga Dapaong zuwa Lome ya san kujerar ƙarshe, wadda ke bayan tayoyin baya. In an faɗa rami mai ita ne ke tashi sama, na tsakiya kuwa ɗan girgiza kawai zai ji. Haka jirgi yake: goshi da wutsiya su ne ke lilo, tsakiya ita ce madogarar da suke lilon a kanta. Tangaɗi kuma da tsawo yake tafiya. A ce jirgi ya kwanta digiri 5 kacal. Wanda ke mita 10 sama da inda jirgin ke juyawa zai tafi gefe abin da bai kai mita ɗaya ba. Wanda ke mita 30 zai tafi fiye da mita biyu da rabi, ya dawo, ya sake tafiya ɗaya gefen, duk cikin lokaci guda da na ƙasan. Jiragen yau kuwa dogaye ne ƙwarai. Icon of the Seas, wanda ya fara aiki a 2024, tsawonsa mita 365 ne, benensa hawa 20.

Abin mamaki, ɗakunan sama su suka fi tsada. Sun fi kusa da wurin ninƙaya da wuraren cin abinci, kuma daga can ido ya fi cin nisa. Kuɗin kallo ake biya, ba na kwanciyar hankali ba. Tsofaffin ma'aikatan jirgi shawara ɗaya suke bai wa mai saurin jiri: ƙasa, kuma tsakiya.

Manyan jirage suna da fikafikai a ƙarƙashin ruwa, masu fitowa daga haƙarƙarinsu in ana bukata. Suna rage tangaɗi sosai, amma sai jirgi na gudu suke aiki, kuma ba su da abin da za su iya da sunkuyon goshi. Maganin wannan yana hannun kyaftin: ya rage gudu, ya gyara fuskar jirgi, ko ya sauya hanya ya kauce wa hadarin tun daga nesa. In ka ji an ce an fasa tsayawa a wata tasha saboda yanayi, kada ka yi gunaguni, aikinsa yake yi.

Baranda a bakin ruwa

A yawancin jirage ɗakuna masu baranda suna farawa ne daga saman jerin kwalekwalen ceto. Amma akwai waɗanda aka huda wa baranda a cikin gangar jikin ƙarfen, can ƙasa. Queen Mary 2, wanda ke ratsa Atlantika tsakanin Ingila da Amurka tun 2004, yana da irinsu, wasu jiragen kamfanin Carnival ma suna da su tun daga bene na biyu. Ranar da teku ke kwance babu ɗakin da ya fi su daɗi. Kana jin ƙamshin gishiri, kana jin ruwa na shafar ƙarfe, kana ganin kifaye masu tashi suna tsalle dab da kai, rana da iska kuma ba su dame ka ba saboda ƙarfe ya kewaye ka.

Ma'aikatan jirgi suna auna tashin teku da mizanin da wani hafsan sojan ruwan Ingila, Francis Beaufort, ya tsara a 1805, daga sifili zuwa 12. A mataki na 8 iska na gudun kilomita 62 zuwa 74 a awa, igiyar ruwa na haura mita 5. A mataki na 10 tana kai mita 9. A na 12 kuwa mita 14 ko fiye. Barandar da ke 'yan mitoci sama da ruwa ta shiga hurumin igiya tun kafin a kai ƙarshen mizanin.

Abin da mai ɗakin ƙasa zai fara lura da shi ƙara ce, ba motsi ba. Igiya in ta daki gangar jirgi, sautin na bin ƙarfe har cikin gadonka, ya biyo da wata 'yar karkarwa da ke ratsa jirgin daga goshi zuwa wutsiya. Wannan ba alamar tsagewa ba ce, an ƙera ƙarfen ya riƙa ɗan lanƙwasa yana komawa. Bayan haka sai feshi ya fara wanke gilashi, hasken ɗaki ya riƙa sauyawa daga fari zuwa kore. Daga nan ma'aikata za su ƙwanƙwasa ƙofa. Za su ɗaure kujerun baranda ko su shigo da su, su kulle ƙofar gilashi, a wasu jiragen har su rufe murfin ƙarfe a kanta. Ɗakin da ka biya don tagarsa ya koma marar taga, wataƙila na yini ɗaya, wataƙila na biyu. Farashin natsuwar ƙasa ke nan, kuma ya kamata mutum ya san da shi tun kafin ya biya.

Murfin ƙarfen ba ado ba ne. Ranar 3 ga Maris 2010 igiyoyi masu tsawon kusan mita 8 suka fasa gilasan wani zaure a bene na biyar na jirgin Louis Majesty a Bahar Rum, kusa da gaɓar Sifen, mutum biyu suka rasu. Ranar 29 ga Nuwamba 2022 jirgin Viking Polaris na komawa Ushuaia ta ƙasar Ajantina daga yankin ƙanƙara na kudu, igiya ta fashe a haƙarƙarinsa, ta ɓarke tagogin ɗakuna bakwai na benen ƙasa, mace ɗaya ta rasu, wasu suka ji rauni. Masu binciken ƙasar Norwe sun gano cewa ba a ƙera tagogin don jure bugun igiya mai fashewa ba, ƙa'idojin ƙira na lokacin ma ba su tanadi hakan ba. Sai dai kada mai karatu ya ɗauka sama ta kuɓuta. A Afrilun 2005 wata igiya mai kusan mita 21 ta daki goshin Norwegian Dawn a kan hanyarsa ta komawa Niyok, ta fasa tagogi a bene na tara da na goma, ruwa ya shiga ɗakuna 62. A Nuwamban 2023 kuma, a mashigin Biskay ɗin nan da Aureol ya saba ratsawa, kusan mutum ɗari suka ji rauni a jirgin Spirit of Discovery lokacin da ya karkata ba zato cikin hadari. Su ba ruwa ne ya taɓa su ba, faɗuwa suka yi, kaya kuma suka faɗo musu.

Darasi biyu ne a nan. Fashewar taga abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, amma in ya faru wanda ke tsaye kusa da gilashi yana kallo ko yana ɗaukar hoto shi yake fara samu. Raunin da ya fi yawa kuwa na faɗuwa ne, kuma ya fi yawa a inda motsi ya fi yawa, wato sama da gaba.

Jiri, amai da salla

Jirin teku rikici ne tsakanin shaidu biyu. A can cikin kunne akwai wasu 'yan bututu masu ruwa da ke gaya wa ƙwaƙwalwa yadda jiki ke motsi. Cikin rufaffen ɗaki kunne na cewa ana tafiya sama da ƙasa, ido kuma na ganin bango da gado tsaye cik. In shaidun suka saɓa, sai hamma, sai gumi mai sanyi, sai yawu ya tsinke, sai amai. Motsin da ya fi tayar da zuciya shi ne mai maimaituwa duk daƙiƙa biyar ko shida, kuma irinsa teku ya fi yi. Ba ragwanci ba ne. Ƙato na iya kwanciya tsohuwa tana cin tuwonta. Yawancin mutane jikinsu kan saba bayan kwana biyu ko uku.

Amfanin baranda ke nan ga mai jiri: iska mai sanyi, da ganin inda sama ta haɗu da ruwa, layi ɗaya da ba ya motsi, wanda ke sasanta ido da kunne. In an rufe barandar, a nemi zaure a tsakiyar jirgi mai taga, a zauna nesa da gilashin, ko a kwanta rigingine a rufe ido. Kada a bar ciki fayau, kada kuma a cika shi da maiƙo. Busasshen burodi, biskit da shayin citta sun wadatar. Karatu da duban waya suna ƙara abin. Ƙwayar hana jiri kafin a fara ji ake shanta, tana kuma sa barci, mai juna biyu da tsoho da mai wata cuta su tambayi likita tukuna.

Sauran ladubban ɗaki kaɗan ne. A kwashe kwalabe da kofuna daga kan tebur, a rufe aljihunan kabad, a ajiye akwati a ƙasa. Hannu ɗaya kullum yana riƙe da wani abu, musamman a banɗaki da kan matakala. Kada a taɓa buɗe ƙofar baranda da ta ɗaki lokaci guda, iskar da za ta ratsa na iya maka ƙofa a kan yatsun yaro. A san inda rigar ceto take, a gwada sa ta, a kuma haddace hanyar zuwa wurin taruwa ta matakala, domin in abu ya ɓaci ba a hawa lif. Tun bayan haɗarin Costa Concordia a gaɓar Italiya cikin Janairun 2012, inda mutum 32 suka rasu, doka ta wajabta a nuna wa fasinjoji wannan kafin jirgi ya tashi ko da zarar ya tashi. A nan ma na ƙasa ya ɗara, don ya fi kusa da kwalekwalen ceto.

Batun salla malamai sun gama shi tun zamanin jiragen filafilai. Ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi. Ana fuskantar alƙibla, in jirgi ya juya a juya tare da ita gwargwadon iko. Wanda tsayuwa ta gagare shi saboda jiri ko tsoron faɗuwa ya yi a zaune. Matafiyin teku kuma yana yin ƙasaru kamar na tudu.

Tambayar da ta fi ta bene

Duk wannan magana ce ta jirgin da ake kula da shi. A yankinmu abin da ya fi kashe mutane a teku ba zaɓin ɗaki ba ne. Ranar 26 ga Satumba 2002 jirgin Joola na gwamnatin Senegal ya taso daga Ziguinchor zuwa Dakar. An ƙera shi don mutanen da ba su kai 600 ba, aka loda masa ninki uku da ɗoriya, da yawa suna kwance a benen sama saboda zafi. Iska ta same shi daura da gaɓar Gambiya, ya kife cikin 'yan mintoci. Alƙaluman hukuma sun ce mutum 1,863 suka rasu, 64 suka tsira, adadin mamatan ya zarce na jirgin Titanic na 1912. A Fabrairun 2006 Al-Salam Boccaccio 98 ya nutse a Bahar Maliya tsakanin Duba ta Saudiyya da Safaga ta Masar. Wuta ce ta tashi, ruwan kashe ta ya taru a benen motoci ya kwantar da jirgin, wanda dama an ƙara masa benaye a sama. Fiye da mutum dubu suka tafi, akasari ma'aikata masu komawa gida, har da alhazai. A duka biyun nauyi ya yi yawa a sama, kulawa ta yi kaɗan a ƙasa.

Akwai kuma hanyar da iyalai a Sokode da Tchamba da Bassar suka fi kowa sanin ɗacinta, wato ta Gabon. Shekara da shekaru ana kwasar matasa da ƙananan yara, akasari mata, a bi da su ta kudu maso gabashin Nijeriya a zuba su cikin manyan kwalekwalen katako, su yi kwanaki a sarari babu rumfa, babu rigar ceto. Duniya ta farga a Afrilun 2001 lokacin da jirgin Etireno ya dawo Kwatano da yara a cikinsa bayan an hana shi sauke su a Gabon da Kamaru, kuma a 2003 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto kan fataucin yara a Togo ɗauke da shaidar waɗanda suka bi hanyar. A irin wannan kwalekwale babu sama, babu ƙasa, babu tsakiya.

Saboda haka ga hukunci. In Allah ya hore maka shiga jirgin shaƙatawa, kama ɗakin ƙasa a tsakiya, ka yarda a rufe maka baranda ranar hadari, ka nisanci gilashi, ka bi maganar ma'aikata. In kuwa jirgin jigila ne, ko na teku ko na kogin Oti, bar zancen ɗaki, ka fara da tambaya uku: mutum nawa aka ƙera shi ya ɗauka, nawa aka zuba, ina rigar ceto. In ba ka gamsu da amsa ba, sauke kayanka, kuma kada ka sa ɗan kowa a ciki.